A ɓoye labarin, amma a nuna mana yadda wasan ke tafiya

Malam marubuci, ka ce gara kamfanonin wasan bidiyo su ja bakinsu su yi shiru har ranar fitowa, don kada a rage wa 'yan wasa armashi. Rabin maganarka na karɓa. Wa zai mutu a labarin, wa zai ci amana, wannan a rufe shi ruf. Amma yadda wasan ke gudana a kan na'ura haƙƙin mai saye ne ya gani.

Dubi wasan Cyberpunk 2077. Kamfanin CD Projekt Red ya sanar da shi tun 2012, ya yi shekaru yana zuba talla mai ƙyalli. Da fitowarsa ta matso a Disambar 2020, na kwamfuta kaɗai aka bai wa masu sharhi, aka kuma hana su sa bidiyon da suka naɗa da kansu. Yadda yake a PlayStation 4 ta asali kuwa, wato na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Sony, ba a nuna ba. Jama'a suka yi cinikin biri a sama. Ana buɗewa, ga mutanen cikin wasan tsaye ƙiƙam hannuwa a shimfiɗe, ga motoci na nutsewa cikin titi, wasan na yankewa ana tsaka da shi. Bayan kamar mako ɗaya Sony ta cire shi daga shagonta, ta fara mayar da kuɗi.

Yawan surutu ma masifa ce, wasan No Man's Sky na 2016 shaida ne, alkawura suka fi abin da aka saki. Ni dai kafin a karɓi kuɗin kowa, a nuna minti ashirin na wasan ba yanke, a kan na'ura mafi rauni da za a sayar wa shi.