Shaidar Mamaci

Ɗan sanda: To direba, gudun nawa kake yi da ka shigo mararrabar nan har kuka yi karo da bas?

Direba: Yallaɓai wallahi 20 nake, ko mai keke sai ya wuce ni.

Ɗan sanda: Malam kai kake koyar da fiziks kuma a gabanka aka yi, me ka gani?

Malam: Ni waya nake dannawa, amma kwalta ta gani. Motarsa gabas ta nufa, nauyinta kilo 1000, bas ɗin kuma arewa ya nufa shi kilo 3000, da suka gwabza sai suka manne suka ja taya tare, ga sawun nan baƙi ƙirin ya tafi tsakiyar gabas da arewa daidai, digiri 45.

Direba: To sai me, sawu magana yake?

Malam: Sosai ma. Akwai abin da ake kira momentom, nauyi sau gudu kenan, kuma a lokacin karo ba ya ɓata, na gabas daban ake lissafa shi na arewa daban. Tunda sun bi tsakiya to biyun sun zo ɗaya. Bas 3000 sau 30, 90,000. Kai kuma 1000 sau nawa zai ba da 90,000?

Direba: Ni ban yi lissafi a makaranta ba.

Ɗan sanda: 90 ne, ni na yi.

Direba: Haba! Wa ya ce ma bas ɗin 30 yake?

Malam: Tsawon sawun ya nuna bayan karon kusan 32 kuke tafiya ku biyu, daga nan ake komawa baya a fitar da na kowa. Da 20 kake da bas ɗin ya kwashe ka kusan miƙe ya yi arewa da kai, karkatar ba za ta wuce digiri 13 ba.

Direba: Wai wa ya kafa wannan dokar ne?

Malam: Daga dokokin Niyuton, wani masanin kimiyya, ta fito.

Direba: Yana wurin? A kira shi ya faɗa a gabana.

Malam: Ya rasu kusan shekara 300.

Direba: Ka ji ko yallaɓai! Shaidar mamaci za ka karɓa ka bar ta mai rai? Ga yarona nan a gaba yake zaune, tambaye shi.

Yaron mota: Gaskiya oga Malam ya yi kuskure.

Direba: Yauwa ɗan albarka, faɗa musu.

Yaron mota: 95 na gani a mita kafin na rufe ido.