Yaro mai ɗauke da HIV ba ya buƙatar baƙon mako biyu

Duk shekara idan jami'o'in Turai da Amurka suka tafi dogon hutu, jirage kan sauke matasa a Nairobi da Kampala da Kathmandu da Phnom Penh, kowa da jakarsa a baya, sun zo aikin sa kai. Da yawansu sun biya wani kamfani kuɗi ya shirya musu masauki da abinci da wurin da za su yi hidimar. A cikin wuraren da ake tallata musu, babu mai taɓa zuciya kamar gidan marayun da ke riƙe da yara masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV. Ba na shakkar niyyar waɗannan matasa, mafi yawansu tausayi ne ya taso da su. Amma ra'ayina shi ne, wanda zai je ya yi mako biyu ko wata guda a irin wannan gida ya dawo, gara ya zauna a ƙasarsu ya aika da kuɗin jirgin.

Sai dai a ba tarihi haƙƙinsa tukuna. A 1992, wani limamin Katolika ɗan Amurka wanda kuma likita ne, Angelo D'Agostino, ya buɗe gidan Nyumbani a Nairobi da yara uku kacal. A wancan zamani jaririn da aka gwada aka ga alamar cutar a jininsa, sau da yawa a asibiti ake barinsa, gidajen marayu ma na gudunsa. Magani babu, kuma an san cewa rabin jariran da suka kamu kan rasu kafin su cika shekara biyu idan ba a ba su magani ba. Saboda haka aikin irin waɗannan gidaje a lokacin bai wuce a yi wa yaro wanka, a ba shi abinci, a rungume shi har rai ya yi halinsa ba. Duk hannun da ya zo, alheri ne. D'Agostino bai tsaya nan ba: da makarantun gwamnati suka ƙi karɓar yaransa, ya kai gwamnatin Kenya kotu, a 2004 aka buɗe musu ƙofa. Wannan baƙo ne, amma baƙon da ya zauna har ya rasu a Nairobi a 2006.

Yau magana ta canza. Alƙaluman UNAIDS, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da cutar, na 2023 sun nuna yara kusan miliyan 1.4 'yan ƙasa da shekara 15 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar a duniya, kuma kashi 57 cikin ɗari ne kawai ke samun magani, alhali manya sun kai kashi 77. Wanda ya samu maganin, ya kuma sha shi yadda ya kamata, zai yi makaranta, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu. Tun ƙarshen 2020 aka samu ƙwayar maganin HIV mai suna dolutegravir ta ƙananan yara, wadda ake narkarwa a ɗan ruwa, mai ɗanɗanon 'ya'yan itace, kuma yarjejeniyar da aka ƙulla ta sauko da kuɗin wannan ƙwaya na shekara daga wajen dala 400 zuwa dala 36 ga kowane yaro. Dala 36. Sai mai karatu ya auna wannan da tikitin jirgi daga Landan zuwa Nairobi, zuwa da dawowa.

Abin da maganin ke so shi ne a sha shi kullum, a kan lokaci, ba fashi. Yaro ɗan shekara huɗu ba ya shan magani don an yi masa bayanin garkuwar jiki. Yana sha ne don matar da ta saba ba shi ce ta miƙo kofin, ta san ranar da yake ɓoye ƙwayar a ƙarƙashin harshe, ta san in ya ce cikinsa na ciwo da gaske yake ko shagwaɓa ce. Ita ce kuma za ta zaunar da shi wata rana, idan ya fara wayo, ta gaya masa dalilin da ya sa shi yake shan magani abokansa ba sa sha. Wannan zama kan ɗauki watanni ana shirya shi. Ina gurbin baƙuwar da ta zo ranar Litinin, ba ta jin Swahili balle Kikuyu ko Luo, za ta kuma tafi ranar Juma'a ta sama?

Masu dawowa daga irin wannan tafiya kan ba da labari iri ɗaya cikin jin daɗi: wai suna shiga ƙofa yara suka sheƙo a guje suka ɗane jikinsu, kamar sun daɗe da saninsu. Masana halayyar yara ba sa murna da wannan. Yaron da ya taso da uwa ko kaka tsayayya, in ya ga baƙo sai ya laɓe bayan zaninta yana leƙe. Wanda ke faɗa wa kowane baƙo, alama ce ta bai samu wani mutum guda da ya zama nasa ba. An fi gane haka ne daga Romaniya. Bayan faɗuwar shugaban ƙasar, Ceaușescu, a 1989 duniya ta ga gidajen marayun ƙasar, inda dubban yara suka kamu da HIV ta hanyar ƙarin jinin da ba a gwada ba da alluran da ake maimaitawa. Daga baya masu bincike suka bi diddigin yara 136 a Bucharest, aka mayar da rabinsu hannun iyalai masu riƙo, rabi suka ci gaba da zama a gidajen. Waɗanda aka mayar cikin iyali, musamman kafin su kai shekara biyu, sun fi samun ci gaban ƙwaƙwalwa da harshe da shaƙuwa. Ɗan sa kai mai zuwa ya tafi, komai kirkinsa, ƙarin rabuwa ɗaya ne ga yaron da rabuwa ta riga ta yi masa yawa.

Sai batun hoto, wanda a ganina shi ne mafi muni a wannan fanni. Sunan gidan kawai ya isa ya bayyana abin da ke jikin yaro. Matashi ya ɗauki hoto da yarinya a cinyarsa, ya sa a Instagram ko Facebook da sunan gidan a ƙasa, ya tona sirrin lafiyarta ga duniya ba da izininta ba. Shekara goma sha biyar nan gaba tana neman aiki ko miji a garin da har yanzu ake tsangwamar masu wannan lalura, hoton yana nan a intanet. A ƙasarsa, da ya yi wa yaron asibiti haka, da hukuma ta taka masa birki.

Akwai kuma abin da 'yan sa kai ba sa gani. Ƙungiyoyin kare yara irin su Save the Children da Lumos sun daɗe suna cewa kimanin kashi 80 cikin ɗari na yaran da ke gidajen marayu suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya kai su, ko kuɗin makaranta, ko tsoron surutun maƙwabta. A Kambodiya, binciken da gwamnati da UNICEF suka fitar ya nuna gidajen marayu sun ƙaru da kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, lokacin da baƙi masu yawon buɗe ido ke tururuwa ƙasar. Inda baƙo ke biyan kuɗi don ganin maraya, za a samar masa maraya. Wannan ne ya sa Ostireliya a 2018 ta zama ƙasa ta farko da ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin nau'in bautar zamani, sannan a Disambar 2019 babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai kira ga ƙasashe su fifita renon yara cikin iyali, har ya ambaci illar aikin sa kai a gidajen marayu. Ƙofar da ke buɗe wa kowa kuma tana buɗe wa mugu: a 2016 wata kotu a jihar Oklahoma ta Amurka ta yanke wa wani matashi ɗaurin shekara 40 saboda lalata da yara a gidan marayun da ya je aikin sa kai a Kenya.

Na san abin da za a ce. In baƙi suka daina zuwa, kuɗi zai daina shigowa, yaran su tagayyara. Gaskiya ne wasu gidajen da kuɗin baƙi suke numfashi, kuma rufe su dare ɗaya zalunci ne. Akwai ma yaran da ciwo ya ci ƙarfinsu, dangi kuma sun juya musu baya, dole a samu inda za a ajiye su na ɗan lokaci. Haka nan ba na haɗa ɗan yawon mako biyu da likitar yara ko masanin ɗakin gwaje-gwaje da zai zauna shekara biyu yana horar da ma'aikatan ƙasar. Amma a duba inda Nyumbani kanta ta dosa. Tun 1998 ta fara shirin Lea Toto, mai bin yara har gidajensu a unguwannin talakawan Nairobi, kuma yaran da shirin ke kula da su sun ninka na cikin gidan sau da yawa. Ƙauyen da ta gina a Kitui ma an tsara shi ne a kan kakanni su riƙe jikoki. Ruwanda ta fara rufe gidajen marayunta tun 2012, Kenya kuma ta fito da tsarin shekara goma a 2022 na mayar da yara cikin iyali.

Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin riƙo muka gada: uwa ta rasu, gwaggo ko inna ko kaka ta ɗauka. Ba kowane ɗan riƙo ne ke jin daɗi ba, kowa ya san gidan da marayan ne mai wanke-wanke, shi ya sa dole a samu jami'in da ke leƙawa. Amma kakar da ta ɗauki jikanta mai HIV, abin da ke kayar da ita sananne ne: kuɗin mota zuwa asibiti duk wata, abincin da yaro zai ci kafin ya sha magani, kuɗin makaranta.

Shirin PEPFAR na yaƙi da HIV da Amurka ta kafa a 2003 shi ne ya riƙe mafi yawan wannan hidima a Afirka, kuma da gwamnatin Trump ta dakatar da tallafin ƙetare a Janairun 2025, cikin waɗanda aka fara sallama har da ma'aikatan da ke bi gida-gida suna duba ko yaro ya sha maganinsa. Matan nan 'yan unguwa ne, suna jin harshen yaran, sun san kakanninsu da suna. Kuɗin tafiyar ɗan sa kai guda ɗaya zai biya albashin ɗaya daga cikinsu na tsawon watanni.