Waya a ƙofar shagona, amma kwana tara ba intanet

Yau kwana tara ke nan fitilar rautar shagona, wato na'urar da ke raba intanet, tana ja. Ina da ɗan shago a Kano inda muke buga takardu, mu cike wa ɗalibai fom, mu tura wa 'yan kasuwa saƙonni. Kwamfuta shida, yara biyu masu taimako, janareto mai shan fetur kamar raƙumi ya samu tafki. Duk wannan bai da amfani idan babu intanet, kuma intanet ɗin na biya kuɗinsa na wata cif tun ranar ɗaya ga wata.

Wai masu gyaran kwalbati ne suka datse wayar fayiba, wadda ke kawo mana intanet, a bakin titi. To, na ji. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma kwana tara? Kullum na kira kamfanin, wata yarinya mai sanyin murya ta ce, "Yallaɓai, a yi haƙuri, injiniyoyinmu suna kan aiki." Na fita bakin titin nan ya fi sau goma, ban ga injiniya ba, ban ga ko shebur ba, sai awaki suna kiwo a gefen ramin. Da na ce a mayar mini da kuɗin kwanakin da ban yi amfani da su ba, sai ta ce wannan ba ya cikin tsarinsu. Karɓar kuɗi dai yana cikin tsarin.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba lalacewar ba ce. Sanin da suka yi cewa ba ni da wurin zuwa, shi ne ya tsaya mini a wuya. Ranar ta huɗu na fusata na tafi ofishin wani ƙaramin kamfani da ke cikin gari, na ce su zo su jona mini nasu. Wani matashin ma'aikacinsu ya biyo ni har shago, ya duba, ya ɗaga murfin ramin da ke ƙofata, ya nuna mini bututun da wayar ta bi. Ya ce, "Baba, kalli nan. Bututun nan zai ɗauki waya huɗu ma, ɗaya ce kawai a ciki. Amma ba namu ba ne. Mun nemi haya, kuɗin da suka yanka mana ko mun sayar da ofishinmu ba za mu biya ba. In kuwa mu haƙa namu ne, sai mun biya kuɗin izinin haƙa na kowace mita, mu fasa titi, mu gyara. Saboda shago ɗaya ko goma, Baba, ba zai fitar da mu ba." Ya mayar da murfi, ya hau babur ɗinsa, ya tafi. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Kuma rijiyar cike take. Tun 2010 manyan wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas, WACS ta biyo baya a 2012, ga Equiano ta Google ta iso a 2022. Intanet ɗin da ke jibge a bakin tekun Legas ya ishe mu har mu yi kyauta. Matsalar ita ce hanyar da zai bi ya iso Kano, sannan daga tsakiyar gari ya iso ƙofar mai shago irina. Wannan guntun zangon na ƙarshe, duk wanda ya riga ya binne wayarsa a wurin ya zama sarkin unguwa, ba mai ɗaga masa yatsa.

Wasu ƙasashen sun sha irin wannan, suka yi maganinsa. A Ingila kamfanin BT ne ya gaji duk wayoyin tarho na gwamnati, yana sayar da intanet, yana kuma riƙe da layin da abokan gasarsa suke buƙata. Hukumarsu ta sadarwa, Ofcom, ta matsa masa lamba har ya amince a 2005 ya ware sashen wayoyin daban, aka kafa Openreach a 2006, da sharaɗin duk kamfanin da ya zo neman layi a ba shi a kan farashi ɗaya da wanda BT ɗin kansa yake biya. Shi ya sa mutum a can zai bar wannan kamfani ya koma Sky ko TalkTalk ba tare da an sake fasa masa ƙofar gida ba. Waya ita ce dai, mai karɓar kuɗi ne ya canza. Daga baya ma suka buɗe bututai da turakun waya, kowa ya zura tasa fayibar ya biya haya. A Faransa haka aka tilasta wa France Télécom ya buɗe layukansa, sai kamfanin Free ya fito a 2002 da intanet na yuro 29.99 a wata, dole manyan suka sauko. Ba don Turawa sun fi mu tausayi ba ne. Doka ce aka ɗora wa mai waya, aka kuma tsaya a kanta.

Mu kuwa namu tsohon layin ma ba mu bari ya rayu ba balle a yi rigimar buɗe shi. Waɗanda suka kai shekaruna sun san NITEL, kamfanin tarho na gwamnati: ka cike fom, ka jira shekaru, ka nemi wanda ya san wani. Kafin zuwan wayar salula a 2001, layukan tarho a duk faɗin Najeriya ba su wuce kimanin dubu 400 ba. Aka miƙa kamfanin ga Pentascope a 2003, aka sayar wa Transcorp a 2006, aka sake ƙwacewa, ɓarayi suna ta yanke wayoyin jan ƙarfe suna kai wa 'yan gwangwan. Daga ƙarshe aka sayar da abin da ya rage ga NATCOM a kan dala miliyan 252. Wato abin da Ingila da Faransa suka gina intanet ɗin gidajensu a kai, mu mun bar shi ya zama abincin bola jari.

Saboda haka yau wayoyin da ke ƙarƙashin titunanmu na 'yan kasuwa ne, kowa ya haƙa nasa. Titi ɗaya a fasa shi sau uku a unguwar masu kuɗi, unguwar talakawa kuma ko sau ɗaya ba a zo ba. Kuma ni ɗan kasuwa ne, ba na cewa wanda ya zuba biliyoyi ya haƙa rami ya ba wani kyauta. Ko ni ba na ba da aron kwamfutata. Haya nake magana, haya mai farashi sananne, wanda hukuma ta duba ta ce ya yi daidai, a rubuta shi kowa ya gani, a kuma sa wa'adin kwanakin da mai bututu zai amsa idan an nema. Mai gidan haya yana cin riba, amma ba a bar shi ya toshe lungun da kowa ke bi ba.

Za a ce mini ai akwai doka. Na sani. Dokar sadarwa ta 2003 ta ba hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, iko a kan haɗa layuka da raba kayan aiki, kuma akwai ƙa'idojin da aka rubuta a kai. Turakun sabis ma ai ana raba su, turke ɗaya ɗauke da eriyar kamfani uku, kowa yana gani. To me ya sa abin da ya yiwu a sama ya gagara a ƙarƙashin ƙasa? Tun 2015 aka fara ba da lasisi ga kamfanonin da za su shimfiɗa fayiba shiyya-shiyya don kowa ya yi haya, mu dai a layinmu ko ƙurarsu ba mu gani ba. Kuɗin izinin haƙa kuma tun 2013 aka daidaita a kan naira 145 kowace mita, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai. A 2020 Ekiti ta sauko zuwa 145 ɗin, Kaduna ta yafe gaba ɗaya, alamar cewa abin ba gagarau ba ne in an so. Yanzu kuma ana ta maganar shimfiɗa kilomita dubu 90 na sabuwar fayiba. Madalla. Amma in aka gama ta faɗa hannun mutum biyu ko uku su rufe ƙofa, an gudu ne ba a tsira ba.

A watan Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari, aka ce don sabis ya gyaru. Ƙarin bai kwana ba ya iso aljihunmu. Gyaran ne har yanzu yake hanya, wataƙila ya tsaya shan mai. Wani abokina ya ce in sayi Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam, in huta. Da wane kuɗin? Da naira ɗari-ɗarin da nake karɓa na buga takarda?

Shekaranjiya wata yarinya ta zo da mahaifinta daga wajen gari, za ta buga takardar shiga jarrabawa. Na jona wayata da kwamfuta, shafin ya yi ta juyawa kusan minti arba'in bai buɗe ba. Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, ko mu gwada wani wurin?" Na ce, "Baba, ku gwada, amma duk layin nan waya ɗaya muke sha." Suka tashi suka tafi neman a-daidaita-sahu zuwa cikin gari.

Ɗazu da safe saƙo ya shigo wayata daga kamfanin. Na buɗe da sauri ina zaton an gyara. Ashe tunatarwa ce wai in sabunta biyan kuɗina da wuri don kada sabis ɗina ya yanke.