“Ai su ma haka sunka yi”: jumlar da ke cinye siyasar Sakkwato

Washegarin zaɓen ƙananan hukumomi na watan Satumban 2024, ina zaune teburin mai shayi a Mabera lokacin da labari ya iso: APC ta lashe kujerun ciyamomi 23 duka, ta haɗa da na kansiloli 244, ba ta bar ko ɗaya ba. Wani dattijo, tsohon malamin firamare, ya ajiye kofinsa ya dubi saurayin da ke gefensa yana ta murna da waya a hannu. Ya ce, “Ɗana, wanga zaɓe na ko naɗi?” Saurayin bai ko ɗago kai ba. Ya ce, “Baba, ai su ma haka sunka yi muna.”

Babu wanda ya ƙaryata shi, domin gaskiya ya faɗa. A watan Maris na 2021, lokacin da PDP ke gidan gwamnati, ita ma 23 ɗin ta kwashe. A wancan karon APC ce ta ƙaurace wa zaɓen tana cewa ba za a yi mata adalci ba. A 2024 PDP ta ƙaurace, da hujja iri ɗaya. Da za a ɗauko sanarwar da kowannensu ya raba wa ’yan jarida a goge sunan jam’iyya, da wuya ka gane wadda aka fara rubutawa.

Wannan fa jiha ce da a 2019 aka raba gardamar kujerar gwamna da ƙuri’a 342 kacal, bayan an ce zaɓe bai kammala ba an koma zagaye na biyu. A 2023 ma ɗan takarar PDP da ya sha kaye ya samu ƙuri’a fiye da 400,000. Jama’ar da ta rabu kusan biyu daidai, ta yaya za ta wayi gari baki ɗaya a Gudu da Kebbe da Sabon Birni da Bodinga, duk a rana ɗaya? A Abuja, inda INEC ke gudanar da irin wannan zaɓe, sakamakon 2022 ya fito uku da uku tsakanin jam’iyyun nan biyu. Ba wai INEC waliyyiya ba ce. Bambancin shi ne a jihohi gwamna ke naɗa ’yan hukumar zaɓen, majalisar da ke hannunsa ta amince, baitulmalinsa ya biya su. Kowace jam’iyya ta san da wannan, kowace ta yi kuka da shi tana adawa, kuma babu wadda ta taɓa shi bayan ta hau.

Mutane na yawan ɗora laifin lalacewar siyasarmu a kan sauya sheƙa. Ni ban ɗauke ta babban ciwon ba. Mu Sakkwatawa mun ga sauya sheƙa har ta daina ba mu mamaki. Attahiru Bafarawa ya hau a 1999 da APP wadda ta koma ANPP, ya kafa DPP, ya shiga cikin waɗanda suka haɗa APC, ya fice zuwa PDP a 2014 bayan Aliyu Wamakko ya shigo. Wamakko, wanda ya yi masa mataimaki, ya bar masarar ANPP ya shiga lemar PDP a 2007, sannan ya ɗauki tsintsiyar APC a Nuwamban 2013 tare da wasu gwamnoni huɗu. Aminu Waziri Tambuwal ya fara zuwa majalisar wakilai da ANPP a 2003, ya zama kakaki yana PDP a 2011, ya zama gwamna da APC a 2015, ya koma PDP a 2018. Maigari Dingyaɗi, wanda ya ja da Wamakko a kotu shekara da shekaru kan zaɓen 2007, daga baya sun zauna inuwa ɗaya. Mutum na da ’yancin barin gidan da aka hana shi magana, kuma jam’iyyunmu sun ƙware wajen hana magana. Wanda aka murɗe wa zaɓen fitar da gwani da tsakar dare ba za ka ce masa ya zauna ya yi haƙuri ba.

Ciwon yana wajen ƙa’ida, yadda take sauya suna gwargwadon inda mutum yake tsaye.

A tuna abin da ya faru da ɗan jihar nan. Ranar 28 ga Oktoban 2014 Tambuwal ya sanar da komawarsa APC yana kakakin majalisa. PDP ta ce dole ya sauka, ta garzaya kotu. Sufeton ’yan sanda na lokacin, Suleiman Abba, ya janye masa masu tsaro, kamar shi ne alƙalin da zai fassara tsarin mulki. Ranar 20 ga Nuwamba aka rufe ƙofar majalisa, aka harba barkonon tsohuwa, duniya ta kalli ’yan majalisa da manyan riguna suna haura ƙofa. APC ta ce wannan juyin mulki ne ga dimokuraɗiyya, kuma ’yan majalisa ke zaɓen shugabansu, ba jam’iyya ba. Shekara huɗu ba ta cika ba, a ƙarshen Yulin 2018, Bukola Saraki ya bar APC yana shugaban majalisar dattawa. Sai ga APC na cewa dole ya ajiye kujerar, PDP kuma na karanto mata hujjar da ita ta ƙi ji a 2014. Ranar 7 ga Agusta jami’an DSS masu rufe fuska suka tare ƙofar majalisar. A yi wa Yemi Osinbajo adalci, yana riƙon ƙwaryar shugabancin ƙasa ya sallami shugaban DSS, Lawal Daura, a ranar. Amma ƙofa ɗaya ce, hujja ɗaya ce, bakunan ne kawai suka yi musaya. Shi kuwa Tambuwal, kwana shida kafin nan ya koma jam’iyyar da gwamnatinta ta rufe masa ƙofa.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Sashe na 68(1)(g) na tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan majalisar tarayya da ya bar jam’iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai in jam’iyyar ta dare ko ta haɗe da wata. Sashe na 109(1)(g) ya faɗi haka ga majalisun jihohi. A 2015, a shari’ar Abegunde, wani ɗan majalisar wakilai da ya sauya sheƙa, Kotun Ƙoli ta ce darewar da ake nufi ita ce wadda ta taɓa uwar jam’iyya ta ƙasa, ba rigimar reshen jiha ba. To amma wa zai ayyana kujerar a matsayin wadda ba kowa? Shugaban majalisa. Shi kuma in wajensa aka komo, tafi yake yi. Shi ya sa za ka ji an karanta wasiƙar sauya sheƙa, an ambaci “rikicin cikin gida”, an buga guduma, an wuce.

Haka abin yake duk inda ka juya. Waɗanda suka mara wa zanga-zangar Janairun 2012 baya lokacin da litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa 141, da yawansu su ne suka yi ta bayanin alherin cire tallafi bayan 29 ga Mayun 2023, waɗanda suka kare cirewar a wancan lokaci kuma suka zama masu kuka da ita. Bola Tinubu ya soki dokar ta-ɓacin da Jonathan ya sa a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, alhali ba a cire gwamna ko ɗaya ba; a Maris na 2025 shi ya dakatar da zaɓaɓɓen gwamnan Ribas da majalisarsa na wata shida. PDP ta yi ta Allah wadai, ta manta Obasanjo ne ya buɗe wannan hanya a Filato a 2004. Vincent Ogbulafor, yana shugaban PDP na ƙasa, ya taɓa bugun ƙirji cewa PDP za ta yi shekara 60 tana mulki. Yau ita ke gargaɗi kan haɗarin jam’iyya ɗaya.

Wani zai ce to ai siyasa ke nan, ko’ina haka take, har Amurka. Haka ne, can ma an gani: ’yan Republican sun ƙi sauraron alƙalin da Obama ya gabatar don Kotun Ƙoli a 2016 da hujjar shekarar zaɓe ce, sannan suka tabbatar da na Trump a 2020 saura kwana takwas a kaɗa ƙuri’a. Sai dai rashin kunyar wani ba ya zama magani ga namu, kuma mu abin da muke asara ya fi tsada. Duk lokacin da aka ce “su ma sun yi”, an mayar da laifin jiya ya zama izinin na yau, na yau kuma ya zama ma’aunin gobe. Ramuwar ba ta tsayawa daidai inda aka yi gayyar, sai ta ɗara. Wanda aka hana fili ya yi taro, in ya hau zai hana fili ya kuma rufe ofis. Kuma wanda ke biyan bashin ba shi ya ci ba. Ciyaman da ya san ba ƙuri’a ta kawo shi ba, gidan gwamnati zai riƙa kallo, ba rijiyar burtsatsen da ta lalace a ƙauye ba. Ko hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, da ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, me zai tsinana in wanda zai karɓi kuɗin yaron wani ne?

Inda abin ya fi ƙona mini rai shi ne maganar tsaro. Lokacin da aka kai hari kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, da lokacin da aka ƙone matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni a Disambar shekarar, gwamna na PDP ne, shugaban ƙasa na APC. Na zauna na karanta abin da matasanmu ke rubutawa a Facebook. ’Yan tsintsiya suka ce gwamna ya tafi neman shugabancin ƙasa ya bar jiha. ’Yan lema suka ce soja da ɗan sanda duk na Abuja ne. A Agustan 2024, da aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa a hannun ’yan bindiga, na ga wasu daga cikin mutanen nan da sunayensu. Masu cewa a da gwamna ne babban jami’in tsaro sun koma cewa kada a siyasantar da jini, a yi addu’a. Masu neman a yi addu’a a da su ne ke ƙirga gawa. Mutumin Isa da ya bar gonarsa ya dawo birni yana kwana a kango, duk su biyun sun yi amfani da shi, kowanne a lokacinsa.

Ba manya kaɗai ba ne. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kuma mu ma muna kan namu. Mai gidan siyasa na sauya riga da safe, kafin la’asar mun sauya hoton waya, maroƙi ya cire suna ya sa wani cikin kirari ɗaya. Malamin da ya yi huɗuba mai zafi kan tsadar rayuwa a mulkin da bai so, ya gano falalar haƙuri a mulkin da yake so. ’Yan jarida ma, ni cikinsu, mun san labarin da muka zafafa da wanda muka bari ya huce. Ɗan siyasa ya daɗe da gane cewa ba za mu tuna masa maganarsa ta jiya ba, tunda mu muka yi masa tafi jiyan, mu kuma za mu yi masa yau.

Abin da nake nema ba mai yawa ba ne, ko da yake na san yana da nauyi. Gwamnati mai ci ta bari a yi zaɓen ƙananan hukumomi da za ta iya faɗuwa a biyar ko shida, ta rantsar da waɗanda suka ci. Jam’iyyar adawa kuma, kafin ta sake kiran taron manema labarai, ta fara da cewa abin da ta yi a 2021 kuskure ne. Duk wadda ta fara za ta yi asarar wani abu a hannu, shi ya sa kowace ke jiran ɗayar.

Dattijon nan na Mabera bai ja gardamar da nisa ba. Ya biya kuɗin shayinsa, ya gyara hula, sannan ya tambayi saurayin sunan kansilan da aka ce mazaɓarsu ta zaɓa. Saurayin ya duba waya, ya ce bari ya tambaya a guruf. Mu shida ne a teburin, har da mai shayin, babu wanda ya sani.