Idan karatu ya koma intanet, wa zai ga kuskuren ɗalibi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai koyon walda ya san yadda abin yake. Yaron ya ji bayani, ya haddace, ka tambaye shi ya ba ka amsa tiryan-tiryan. Amma da ya riƙe sandar waldar sai hannunsa ya yi nesa da ƙarfen, ko ya matso ainun har sandar ta manne. Ubangidansa ba sai ya waiwayo ba, daga ƙarar wutar yake gane an kuskure. Sai ya zo ya kama wuyan hannun yaron ya karkata shi kaɗan, ya ce sake. A ganina wannan ɗan lokacin shi ne zuciyar koyarwa, kuma tun da aka fara maganar mai da karatun jami'o'i da na makarantun koyon sana'a kan intanet, abin da nake tambaya shi ne ina za a sa shi.

Karatu daga nesa ya girmi intanet nesa ba kusa ba. Tun a 1840 Isaac Pitman yake koyar da rubutun gaggawa ta gidan waya a Ingila: ɗalibi ya yi aiki ya aiko, shi kuma ya gyara ya mayar masa. Jami'ar UNISA ta Afirka ta Kudu ta soma koyarwa daga nesa a 1946. Jami'ar Open University ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1969 ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1971, ta yi amfani da rediyo da talabijin, amma ba ta tsaya nan ba. Ta ba kowane rukunin ɗalibai malami mai duba aikinsu yana rubuta musu gyara, tana aika wa masu karatun kimiyya kayan gwaji har gida, tana kuma tara su na 'yan kwanaki su yi aiki ido da ido. Mutanen nan sun gane tun farko cewa isar da bayani shi ne sashe mai sauƙi.

Wannan darasin ne aka manta da shi lokacin da guguwar manyan kwasa-kwasan kyauta na intanet ta taso. A 2011 malamai biyu, Sebastian Thrun da Peter Norvig, suka buɗe wa duniya kwas ɗin da suke koyarwa a Jami'ar Stanford, mutum kusan 160,000 suka yi rajista, wajen 23,000 suka kammala. A 2012 dandalin Coursera da edX da Udacity suka bayyana, aka yi ta cewa kwanan jami'a ta gini ya kusa ƙarewa. Shekara guda bayan nan Jami'ar San Jose State da ke Kaliforniya ta gwada koyar da wasu darussan lissafi ta Udacity, sakamakon ya gaza na ɗaliban aji, aka dakatar da gwajin. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a 2019 kan kwasa-kwasan intanet na jami'o'in MIT da Harvard ya nuna kusan uku cikin ɗari ne kawai suka kammala a zangon 2017 zuwa 2018, kuma mafi yawan masu shiga daga ƙasashe masu arziki suke. Wanda ya riga ya iya karatu da kansa ya amfana. Wanda aka ce domin shi aka yi abin, wato ɗalibin da ke buƙatar a riƙe hannunsa, shi ne ya fara zamewa, kuma babu wanda ya lura ranar da ya daina zuwa.

Sai annobar korona ta zo a 2020, inda UNESCO ta ƙiyasta cewa rufe makarantu ya shafi ɗalibai wajen biliyan 1.6. Malamai sun yi iya ƙoƙarinsu, ba na zarginsu. Sai dai abin da akasari aka yi shi ne an ɗauki laccar awa biyu yadda take aka zuba ta a Zoom, manhajar taro ta bidiyo, malami yana magana, ɗalibai sun kashe kyamara. A aji ko ba komai malami yana ganin fuskar da ta rikice ya sake bayani. A nan ko wannan ya rasa. Masu koyon kanikanci da wayarin da aikin jinya kuwa abin ya fi yi musu muni, domin rabin karatunsu a hannu yake.

Duk da haka akwai abin da intanet ta fi aji iyawa, kuma rashin adalci ne a ƙi faɗa. Idan malami yana kwance injin mota ɗalibai arba'in sun kewaye shi, biyar na gaba ne suke gani, sauran ƙeyar 'yan uwansu suke kallo. Bidiyon minti shida da aka ɗauka kusa-kusa yana nuna wa kowa inda yatsa ya shiga, ana iya tsayar da shi, a mayar baya sau goma ba tare da jin kunyar tambaya ba. Ma'aikacin da ke tashi daga aiki da yamma da uwar da ke reno suna iya karatu lokacin da suka samu sarari. Gajerun tambayoyi da kwamfuta ke makawa nan take suna nuna wa malami, tun kafin ya shiga aji, wurin da mafi yawan ɗalibai suka yi tuntuɓe.

Saboda haka tsarin da nake goyon baya shi ne a tura bayani intanet, a keɓe lokacin haɗuwa ga aiki da gyara. Wasu malaman ilimin sinadarai biyu a jihar Colorado ta Amurka, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, sun fara naɗar laccocinsu a 2007 domin ɗalibai su kalla a gida, a aji kuma a zauna a warware matsaloli tare. Hujja tana tare da irin wannan. Wani nazari da Scott Freeman da abokan aikinsa suka wallafa a 2014, wanda ya haɗa bincike 225 kan darussan kimiyya da injiniyanci da lissafi a jami'o'i, ya gano cewa kusan kashi 34 cikin ɗari ne ke faɗuwa inda lacca zalla ake yi, amma kusan kashi 22 inda ake sa ɗalibai aiki da tattaunawa a aji. Na'urorin kwaikwayo ma suna da gurbinsu. Tun 1929 Edwin Link ya ƙera na'urar koyon tuƙin jirgin sama a ƙasa, yau kuma akwai irinta ta walda da ta tiyata, inda ɗalibi zai yi kuskure sau ɗari ba a yi asarar ƙarfe ko rai ba. Amma har yau ba a ba matuƙi lasisinsa na farko sai ya tashi jirgi na gaske da malami a gefensa.

Tsoron da nake ji yana wajen masu riƙe da kasafin kuɗi. Shugaban makaranta da ɗalibai suka yi wa yawa, ajujuwa suka yi kaɗan, zai ga intanet kamar mafita: a naɗi lacca sau ɗaya, a ɗauki ɗalibai ninki biyar, malami ɗaya ya ishe su. Na fahimci matsin da yake ciki, kuma gaskiya ne cewa ɗalibin da ya samu bidiyo ya fi wanda bai samu gurbi ba sam. Sai dai araha ba ta ado. Koyarwa ta intanet mai inganci tana cin lokacin malami fiye da ta aji, domin sai ya tsara darasi tun daga tushe, ya amsa saƙonni, ya duba aiki ɗaya bayan ɗaya, ya nemi ɗalibin da ya yi mako biyu bai leƙo ba. Idan an rage malamai, an cire ainihin abin da ya sa Open University ta yi nasara, an bar abin da ya sa ɗaliban kwasa-kwasan kyauta suka watse.

Akwai kuma maganar wa zai iya shiga. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, ta ƙiyasta a 2023 cewa mutum biliyan 2.6 ba sa amfani da intanet, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya. Cikin masu amfani da ita ma da yawa waya ce kawai a hannunsu, data kuma a ƙirge take. Malamin da ya wajabta halartar lacca kai tsaye ta bidiyo ya riga ya tace ɗalibansa da aljihunsu. Gajeren bidiyo da za a sauke a kalla daga baya, da saƙon murya, da rubutun da waya za ta buɗe, sun fi kai wa ga kowa.

Jarrabawa ce ta rage, kuma tun fitowar ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum amsar duk abin da ya tambaye ta, a Nuwamban 2022, amsar da aka rubuta a gida aka turo ba ta cika shaidar cewa mai ita ya iya ba. Ga ɗalibin jami'a, gara a ƙara da tambaya baki da baki, ko ta bidiyo ce, ya kare abin da ya rubuta na minti goma. Ga mai koyon sana'a kuwa ban ga wata hanya ba face ta gani da ido. Jamus, inda mai koyon sana'a ke yin kwana uku ko huɗu na mako a wurin aiki, sauran a makaranta, tana sa shi jarrabawar aikin hannu a gaban masu sana'ar kafin a ba shi takarda. Makarantar da ke son ba da shaidar wayarin lantarki ta hanyar intanet tana iya koyar da dokokin lantarki da karanta zane duk ta waya, ba laifi. Amma sai ta nemi wuraren aiki na kusa da ɗalibanta ta ƙulla yarjejeniya da su, ta biya masu sana'ar da za su tsaya a kansu, ranar jarrabawa kuma ta aika mai dubawa ya ga ɗalibin ya haɗa allon wuta da hannunsa, ya gwada shi da mita, sannan a sa hannu a takardar.