Na'urorin sadarwa masu dogon zango: a Sakkwato saye muka iya, riƙo ne ya gagare mu

A kusan kowane banki, babban asibiti, ma'aikatar gwamnati da makarantar gaba da sakandare a cikin garin Sakkwato akwai wani akwatin ƙarfe da aka kafe a bango, galibi a lungun da ba kowa ke leƙawa ba, yana ƙyafta ƙananan fitilu dare da rana. A cikinsa rauta take, na'urar da ke haɗa ofishin da hedikwatarsa a Abuja ko Legas da kuma sauran duniya. Duk sa'ad da ma'aikacin banki ya ɗago kai ya ce wa mutanen da ke kan layi netwok ya ɗauke, ko cibiyar jarrabawar JAMB ta tsaya cik ɗalibai suna zaune, sau da yawa matsalar tana tsakanin wannan akwati ne da doguwar wayar da ta fita daga cikinsa. Wannan tsari da ke haɗa rassan da ke garuruwa daban-daban shi ne masana ke kira WAN. Ya canza ƙwarai a cikin shekara goma da suka wuce, amma yadda hukumominmu ke sayen kayansa da tsara musu kasafi bai canza ba ko kaɗan, kuma a ganina nan ne babbar ɓarakar take.

A da, idan banki yana son haɗa reshensa na Sakkwato da hedikwata, sai ya yi hayar keɓantaccen layi daga kamfanin sadarwa, mafi yawa bisa fasahar MPLS wadda ta kafu tun farkon shekarun 2000. Layin yana da tsada, amma nauyin kula da shi yana wuyan kamfanin, rautar da ke reshe kuwa tana iya shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ta. Abin da ya zo ya ture wannan tsari shi ne SD-WAN. A nan ana jona wa na'ura guda layuka biyu ko uku na intanet na gama-gari, misali wayar faiba (mai ɗaukar bayanai ta hanyar haske) da layin 4G da tauraron ɗan'adam, sai manhaja ta riƙa auna lafiyar kowane layi a kowane lokaci, tana duba jinkirinsa da yawan bayanan da ke zubewa a hanya. Idan faiba ta fara tangal-tangal, manhajar za ta karkatar da hada-hadar kuɗi da kiran murya zuwa layi na biyu kafin mai aiki ya lura, ta bar abubuwan da ba na gaggawa ba su jira. Kuma daga allo guda a hedikwata injiniya ɗaya zai iya sauya saitin rassa hamsin. Fasaha ce mai kyau, kuma ta dace da gari irin namu da kowane layi yake da ranar da yake yin gardama.

Sai dai wannan ci gaba ya mayar da rauta wani abu dabam. Ƙarfen da ake gani a bango yanzu ƙaramin ɓangare ne na abin da aka saya. Babban ɓangaren manhaja ce da lasisi, kuma lasisin nan da dala ake biyan sa, shekara-shekara ko bayan shekara uku. Na'urorin Meraki na kamfanin Cisco, a tsarin lasisinsu da aka fi sani, suna daina wucewa da bayanai idan lasisi ya ƙare kuma wa'adin alfarma na kwana 30 ya shuɗe. Wanda ya sa hannu a kwangila a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya zo sabuntawa a 2024 ya tarar ta haura naira 1,500. Su kansu kamfanonin da ke sayar da waɗannan na'urori da manhajoji ba su zauna wuri ɗaya ba. Cisco ya sayi Viptela a 2017, VMware ya sayi VeloCloud a wannan shekarar, Broadcom ya haɗiye VMware a ƙarshen 2023, sannan a 2025 VeloCloud ya koma hannun Arista, HPE kuma ya kammala sayen Juniper. Kowane irin wannan ciniki yana iya zuwa da sabon farashi, sabon tsarin tallafi, ko sanarwar cewa an daina kula da wani samfuri. Ban ga alamar cewa ana kawo waɗannan tambayoyi kan teburi ba a lokacin da ake duba takardun neman kwangila a ma'aikatunmu, inda galibi ido ke kan wanda ya kawo farashi mafi ƙanƙanta da ranar bikin ƙaddamarwa.

Abin da ya fi lasisi haɗari shi ne gyaran ɓarakar tsaro. Kamfanonin da ke ƙera rauta suna fitar da sabuntawar manhaja a kai a kai, kuma da zarar sun bayyana kafar da suka toshe, masu kutse su ma sun ji, sai su bazama neman waɗanda ba su sabunta ba. A 2018 masu bincike na Cisco sun gano wata muguwar manhaja mai suna VPNFilter a cikin na'urori aƙalla 500,000 a ƙasashe 54. A watan Afrilun wannan shekarar kamfanin MikroTik ya toshe wata kafa a manhajar Winbox ta saita rautocinsa, kafar da ke ba ɓarawo damar kwashe kalmomin sirri, amma bayan shekara uku, a 2021, an ga rundunar na'urorin da masu kutse suka ƙwace mai suna Meris tana kai hare-hare da rautocin da aka shiga tun wancan lokaci, domin masu su ko dai ba su sabunta ba, ko sun sabunta ba su sauya kalmar sirri ba. MikroTik kuwa ba baƙo ba ne a nan. Saboda araharsa shi ne abin da ƙananan masu sayar da intanet da otal-otal da makarantu da yawa suka fi ɗorawa a bango. A Oktoban 2023 kuma dubun dubatar na'urorin Cisco masu manhajar IOS XE aka shiga cikin 'yan kwanaki, saboda an bar shafin sarrafa su a buɗe ga duk wanda ke intanet.

Duk wanda ya taɓa buɗe irin wannan akwati a ofishin gwamnati ya san abin da ake tararwa. Ƙurar hunturu ta toshe fankar na'urar, kalmar sirri tana rubuce da biro a jikin takardar da aka manna a murfi, kuma idan aka tambayi wa ke da ikon shiga saitin, sai a ce ai ɗan kwangilar da ya kafa ta ne, shi kuwa ya koma Kaduna tun bayan da aka biya shi. Ɗan kabu-kabu ya san cewa kuɗin babur ba ya ƙarewa ranar da aka fito da shi daga shago, akwai juyen baƙin mai da ɗaurin sarƙa, kuma yana ware musu kuɗi daga cinikin yini. Na'urar da albashin ma'aikata da bayanan marasa lafiya ke bi ta cikinta ba ta samun ko wannan gata.

Akwai masu cewa barin na'ura yadda take ya fi aminci, tunda sabuntawar ma tana jawo masifa, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Ranar 12 ga Nuwamban 2018, yayin wani aikin inganta layuka, kuskuren saiti a kamfanin MainOne na Legas ya sa zirga-zirgar bayanan da ke nufin Google ta karkata ta bi ta China da Rasha har tsawon minti 74. Ranar 4 ga Oktoban 2021 wani umarni da aka bayar lokacin gyara na yau da kullum ya katse manyan layukan Facebook, WhatsApp da Instagram suka ɓace kusan awa shida. To amma abin lura shi ne waɗannan kamfanoni sun farfaɗo ne domin suna da injiniyoyin da suka san abin da aka taɓa da yadda za a mayar da shi. Abin da ya kamata a ɗauka daga nan shi ne a riƙa ajiye kwafin saiti kafin a taɓa komai, a gwada sabuwar manhaja a reshe ɗaya tukuna, a yi aikin da dare, a kuma tanadi hanyar komawa tsohuwar idan sabuwar ta ƙi. Duk wannan aikin mutum ne mai albashi da ke zaune a gari, ba na baƙon da ake kira a waya bayan ɓarna ta auku ba.

Ko da an samu injiniya da lasisi, SD-WAN ba ta da abin da za ta zaɓa idan hanya ɗaya ce tak. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku da Najeriya ta dogara da su, irin su SAT-3 da MainOne da Glo-1 da WACS da Equiano na Google da ya iso a 2022, a Legas suke sauka, Sakkwato kuwa tana nesa da can da kimanin kilomita 1,000. Ranar 14 ga Maris na 2024, da wayoyi huɗu suka lalace a tekun da ke gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da dama a faɗin ƙasar nan sun wuni cikin wahala. Wannan na teku ke nan, kuma ba kullum yake faruwa ba. Abin da ke faruwa kullum shi ne katafila ta tono faiba a wurin aikin hanya ko magudanar ruwa, ko ɓarayi su yanke ta suna zaton tagulla ce a ciki. Wani abin da masu sayen layi ba su cika tambaya ba shi ne ta ina kowace waya ta biyo. Ofis yana iya biyan kamfanoni biyu yana ganin ya yi tanadi, alhali wayoyin biyu a rami ɗaya suke kwance a gefen titi ɗaya, ko kuma layukan waya biyun daga turken sadarwa ɗaya suke fitowa, tunda kamfanonin turaku irin su IHS suna ba kamfanonin waya da yawa haya a kan ƙarfe guda. An gudu ke nan ba a tsira ba.

Shi ya sa zuwan Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, a Janairun 2023, inda Najeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ya fara aiki, yake da muhimmanci ga jiha irin tamu. Tsofaffin taurarin sadarwa suna can sama da nisan kusan kilomita 36,000, saƙo yakan ɗauki fiye da rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo, su kuwa na Starlink suna kewaya a wajen kilomita 550, jinkirinsu kaɗan ne. Ga asibitin da ke Sabon Birni ko Tangaza wannan hanya ce da katafila ba za ta iya yankewa ba. Amma ina ganin kuskure ne a ɗauke shi a matsayin madadin faiba. Ƙarfinsa rabawa ake yi tsakanin masu amfani a yanki guda, ruwan sama mai ƙarfi yana rage shi, farashinsa kuma a wajen ƙasar nan ake yanke shi. Wurinsa shi ne layi na biyu. Mutanen wannan jiha sun san abin da rashin hanya ta biyu ke nufi tun watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 saboda matsalar tsaro, aka bar asibitoci da masu POS da 'yan kasuwa babu wata kafa ta sadarwa.

Zafi da wuta ba sa buƙatar dogon bayani ga ɗan Sakkwato. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma na'urar da aka kulle a ɗakin da ba iska, wadda ke mutuwa tana tashi duk lokacin da aka sauya daga wutar gari zuwa janareta, ba za ta cika kwanakinta ba. Batir da sola da 'yar fanka sun fi sabon akwati araha nesa ba kusa ba.

A ɓangaren gwamnati akwai abin da ya motsa. Shirin faɗaɗa intanet mai sauri na 2020 zuwa 2025 ya sa burin kaiwa ga kashi 70 cikin 100 na jama'a, kuma ba a cim ma burin ba. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin faiba mai tsawon kilomita 90,000, ta kuma ayyana kayan sadarwa a matsayin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya. Abin da ke hannun jiha shi ne kuɗin izinin haƙa domin binne faiba, wanda aka amince ya zama naira 145 a kowace mita kuma jihar Kaduna ta yafe shi gaba ɗaya tun 2020, sai kuma tilasta wa 'yan kwangilar hanya su tuntuɓi masu faiba kafin su sa katafila. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068, wadda aka ƙaddamar da aikinta a Illela a Oktoban 2024, dama ce da bai kamata wakilanmu su bari ta wuce ba. Binne bututun faiba tare da aikin titi ya fi sake haƙa daga baya sauƙi, kuma zai ba jihar hanya zuwa teku wadda ba ta bi ta inda sauran suka bi ba.

A cikin ma'aikatu kuwa gyaran bai kai wannan tsada ba. Kada a karɓi kwangilar na'urar sadarwa sai ta faɗi ranar da kamfanin da ya ƙera ta zai daina fitar mata da gyaran tsaro, da jimillar kuɗin lasisi na shekara biyar, da taswirar hanyar da kowace waya ta biyo, sannan a miƙa kalmomin sirri da kwafin saiti ga ma'aikacin hukumar kafin a biya kason ƙarshe. Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi suna yaye masu ilimin kwamfuta kowace shekara, kuma hukumar da ta iya ware miliyoyin naira domin sayen akwati tana iya ɗaukar biyu daga cikinsu, ta biya musu kuɗin jarrabawar ƙwarewa irin ta CCNA, ta kuma sanya albashinsu da kuɗin lasisin a kasafin ayyukan yau da kullum maimakon jiran sabuwar kwangila.