Limamin jana'izar masu rai ya sake fito da likkafani

Tun asuba ake ta turo min hoton wani rubutu. Wai ni ne "boka mai duban karya", saboda na ce War 2, fim ɗin Indiya na kamfanin Yash Raj, zai girgiza kasuwa bai girgiza ba. Ban ambaci sunan kowa ba, wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Eh, na faɗa, kuma rubutuna yana nan a shafina ban goge ba. Ni ba na goge rubutu da tsakar dare kamar wasu. Fim ya fito ran 14 ga Agustan 2025, ga Hrithik Roshan ga Jr NTR, amma rana ɗaya da Coolie na Rajinikanth. Mutanen kudancin Indiya da aka ɗauko NTR dominsu sai suka rabu gida biyu, labarin kuma bai riƙe masu kallo ba bayan kwanakin hutu. Na yi zaton sunan taurari zai rufe wannan ramin, bai rufe ba. Shi ke nan laifina.

To kai fa, limamin jana'izar masu rai? A 2022 da Jayeshbhai Jordaar ya faɗi, Samrat Prithviraj ya bi shi, Shamshera ya cika na uku, duk finafinan Yash Raj, wa ya hau Facebook yana cewa kamfanin Yash Raj ya mutu murus, a kawo makara? Wa ya ce Sharukhan ya tsufa, tun Zero na 2018 ya gama yayi? Ran 25 ga Janairun 2023 Pathaan, fim ɗin Sharukhan na Yash Raj, ya fito ya haura rupee biliyan 10 a duniya. Sati biyu ba mu ji ɗuriyarka ba. Da ka dawo sai ka ce wai data ce ta ƙare.

Kuma wata ɗaya kacal kafin War 2, kamfanin nan da kake wa salla ya saki Saiyaara, da yara biyu sabbin fuska, Ahaan Panday da Aneet Padda, ya wuce rupee biliyan 5. Wannan ba ka gani ba. Idon liman ba ya ganin mai tafiya da ƙafarsa, sai wanda ya kwanta.

Wallahi abin da ke ƙona min rai, shekara nawa ina zama ina lissafa kuɗin da aka kashe, da ranar fitowa, da wanda za a yi karo da shi, kafin in buɗe baki. Kai kuwa sai an gama kasuwa ka zo da dariya. Wannan ba sharhi ba ne, ɗan'uwa, jiran gawon shanu ne. Har kana kwafar lissafina kana sauya kalma biyu, kana zaton ba a gane ba!

Tunda hasashe ne ba ka iyawa, ga nawa, ka ɗauki hoto ka adana. Mardaani 3 na Rani Mukerji zai mayar da kuɗinsa, don irin waɗannan ba a narka musu dukiya, kuma kashi na ɗaya na 2014 da na biyu na 2019 duk sun tsira da mutuncinsu. Alpha na Alia Bhatt da Sharvari, fim ɗin leƙen asiri irin su Pathaan da War 2, shi ne inda nake jin tsoro. Mutane sun fara gajiya da labarin 'yan leƙen asiri, in tallarsa ba ta zo da sabon abu ba, zai sha wuya, kuma ko kusa ba zai taɓo Pathaan ba. Amma Yash Raj, mai finafinan biyu, kamfanin da Yash Chopra ya kafa tun 1970, wanda ɗansa Aditya ke riƙe da shi, fim ɗaya ba zai rufe ƙofarsa ba.

Saura kai, liman. Rubuta naka yau, kafin fim ya fito, da lamba, a fili. Hoton rubutunka na Yulin 2022 yana cikin wayata, wanda ka goge ɗin.